Ruwan Renon da Ya Kwana a Tashar Sabon Gari

Zuwa ga Likita,
Mai asibitin taimakon haihuwa da ke Sabon Gari,
Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da mai ilimi, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ina kuma yi maka sannu da hidimar siyasa. Tun daga Rijiyar Lemo har bakin Kantin Kwari babu bangon da ba a liƙa hotonka ba, kana rungume da jariri cikin farin zane, an rubuta a ƙarƙashi wai kai ne mai share hawayen mata, a zaɓe ka ka tafi majalisa. Kullum safiya sai na bi ta gaban hoton nan kafin in isa wurin aiki, da yamma in sake bi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Sunana Malama Sa'adatu. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Fagge. Wataƙila sunan ba zai tuna maka da kowa ba, domin matan da suka bi layi a asibitinka suna da yawa. Ni ce matar dogon Alhajin nan mai sayar da shadda a Kwari, mai kumburi a wuya, wanda ka ajiye irinsa a ƙanƙara. Ba zan kira sunansa ba, kamar yadda ban taɓa kira ba yana raye. Naka sunan kuwa editan jarida ne ya roƙe ni in cire, na cire. Ka san kanka.

Na riga na zo ofishinka na yi maka magana tsakanina da kai, ka ba ni amsar da za a gani a ƙasa. To, tunda sojoji sun koma bariki, aka ce mana yanzu zamanin farar hula ne, mai neman ƙuri'ar mutum dole ya saurari bakinsa, ga nawa bakin a gaban jama'a.

Na ɗaya, yadda muka shigo hannunka.

Mun shekara tara da aure ba mu haihu ba. Matsalar a jikina take. Hanyoyin da ƙwai ke bi ya isa mahaifa sun toshe tun wata tiyata da aka yi mini a ciki ina budurwa. Alhaji ya san haka, kuma bai taɓa goranta mini ba ko da wasa. Shi lafiyarsa lau, an gwada an gani. Muna nan muna haƙuri da juna sai wani kumburi ya fito masa a wuya, ba zafi ba raɗaɗi, sai girma. A babban asibiti aka ce ciwon daji ne. Aka ce akwai magani mai ƙarfi da za a riƙa ɗura masa ta jijiya, ana sa ran ya taimaka, amma zai kashe masa iri, mai yiwuwa har abada. Likitan da ke duba shi ne ya ba mu shawara mu ajiye maniyyinsa kafin a fara, ya ce akwai wani da ya dawo daga ƙasar waje ya buɗe asibiti a Sabon Gari, yana dashen ƙwai. Wato a ciro ƙwan mace, a haɗa shi da irin mijinta a waje, idan ya kama a mayar da shi mahaifa. Ga mai toshewar hanya irina, wannan ita ce kaɗai ƙofa.

Mahaifina tsohon alƙali ne, ba ma yin abu sai ya sa albarka. Ni kunya ba ta bar ni na yi masa bayani ba, Alhaji ne ya je ya durƙusa a zaure ya faɗa masa komai. Baba ya ce babu laifi, matuƙar ƙwan na matar ne, irin na mijin ne, kuma igiyar aure na nan, mijin yana raye. Ya jaddada wannan na ƙarshen: da ransa, ba bayan ransa ba. Ka riƙe wannan, Likita, domin shi ne ya sa kowane wata da Alhaji ya yi a duniya bayan nan yake da tsada a wurinmu.

Kafin a fara ɗura masa magani ka karɓi irinsa ka daskarar a 'yan kwalabe uku. Da bakinka ka ce mana kowace kwalba gwaji ɗaya ce, idan na farko bai kama ba akwai na biyu, akwai na uku. A hanyar gida Alhaji yana dariya ya ce da ni: "Sa'a, yau na buɗe shago na biyu, a firjin Likita."

Na biyu, abin da ka koya mana da kanka.

Ba ni na ƙirƙiri maganar ruwa ba, kai ka fara kawo ta. Da ka ji ni malamar kimiyya ce sai ka ja mu zuwa wata taga ta gilashi, ka nuna mana ɗakin gwajinka daga waje. Ka nuna mana akwatin ɗumi da ake kwantar da ƙwai a ciki, da firji, da wani mutum sanye da fararen kaya yana duban madubin ƙara girma, ka ce shi ne Mista Felix, masanin da ke kula da ɗakin.

Ka ce a jikin mace ba a busasshen wuri ƙwai ke haɗuwa da iri ba. A cikin wani ruwa ne da Allah ya haɗa, mai ɗan gishiri, ɗan sukari da sinadaran gina jiki, kowanne da gwargwadonsa. Tunda za a fito da ƙwan waje, dole a kwaikwayi wannan ruwa. Ka kira shi ruwan reno. A cikinsa ake wanke irin namiji, a cikinsa ake haɗa shi da ƙwai, a cikinsa ɗan tayi ke kwana yana rabuwa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har ya isa a mayar da shi gidansa. Ka ce daga ƙasar waje ake kawo shi, a cikin sanyi yake tafiya, a cikin sanyi yake zama. Idan ya sha zafi, sinadaran nan sukan rushe su zama guba, kaɗan ƙwarai yadda hanci ba zai ji ba, amma ɗan tayi zai ji. Ka ce ƙwai mai kyau da iri mai kyau, idan aka sa su a mugun ruwa, ko dai su ƙi haɗuwa, ko su haɗu ɗan tayin ya dagargaje ya tsaya.

Ka sa aka ɗaga mana kwalba ɗaya muka gani ta gilashi, ja-ja mai haske kamar zoɓon da aka tsinka sosai. Ka ce: "Malama, ni ba na wasa da ruwan nan. Ranar da launinsa ya karkata, zubarwa nake yi, ko nawa na saye shi."

Wallahi a ranar na ji daɗinka. Har sai da na kai labarin aji na ba 'yan matana, ina cewa su dubi inda ilimi ke kai mutum.

Na uku, abin da ka faɗa wa mijina.

Aka fara ɗura wa Alhaji magani, ni kuma daga baya aka fara yi mini alluran da ke sa ƙwai ya nuna. Ya zamana a gida ɗaya shi yana amai a wannan ɗaki, ni cikina ya kumbura ina tafiya a sunkuye a wancan. Lokacin bazara ne, zafin da ko jingina da bango ba ka iya yi. Mu biyar ka haɗa a mako guda. A benci muka saba da ɗaya daga cikinsu, Madam Ngozi, haifaffiyar Sabon Gari, mai shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Ita ke riƙe mini jaka idan an kira ni, ni ke riƙe mata idan an kira ta.

Ka ciro mini ƙwai goma sha ɗaya. Da na farfaɗo nas ta ce in gode wa Allah, masu kyau ne. Muka koma gida muna jira.

Ranar da ka ce mu dawo a yi dashe, Alhaji ya ce sai ya raka ni, ko da yake washegarin ɗurin magani ne. Gashin kansa ya zube, hularsa ta yi masa yawa tana saukowa har kunne, ni ce na riƙe shi ya hau matakalar asibitinka. Ba ka ce mu zauna ba sai da ka gama waya. Sannan ka dube shi, ba ni ba, ka ce:

"Alhaji, babu abin dasawa. Ƙwan matarka ba laifi, irinka ne ya mutu. Na narkar da na farko bai motsa ba, na narkar da na biyu haka, na uku haka. Ƙwai biyu kawai suka kama, su ma sun farfashe. Dama mai irin ciwonka bai kamata ya sa rai ba."

Na ce, Likita, duka ukun? Ba ka ce ɗaya-ɗaya za a yi ba? Ka ce ai don ka taimake mu ne, kada ƙwaina ya tafi a banza.

Ka san abin da mijina ya yi, domin a gabanka ya yi. Haƙuri ya ba ka. Ya ce ka yafe masa ɓata maka lokaci. Sai da muka shiga gida ya zauna a bakin gado ya cire hular, ya ce: "Sa'a, na sa an yi ta huda ki a banza." Na ga yadda ciwon daji ya ci naman mutumin nan, amma ban ga ya sunkuyar masa da kai ba. Maganarka ce ta sunkuyar. Mako bai zagayo ba ya sa aka yanko maka shaddar da ta fi kowace tsada a shagonsa, ruwan toka, aka kai maka har ofis, wai tukuicin wahalar da ka sha da shi. Ka karɓa, ka ce a gaishe shi.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Alhaji bai mutu a bazarar nan ba. Maganin ya yi masa aiki na wani lokaci. Kumburin ya sace, gashi ya tsiro, ya koma kasuwa yana zama har la'asar. Ya ga daminar shekarar, ya ga ta gaba ma kusan ƙarshenta. A cikin wannan lokaci duka yana raye, igiyar aure na nan, ni ina da ƙwai, sharaɗin Baba ya cika. Abu ɗaya ne babu: iri. Ya je an gwada shi, maganin ya share komai kamar yadda aka faɗa tun farko. Kwalabe biyun da ya kamata su jira mu a firjinka, ka narkar da su rana ɗaya.

Mutumin da yaran unguwa ke tsere su tarye shi saboda alewar da ke aljihunsa ya daina sayen alewa. Ya daina zuwa raɗin suna, sai dai ya aika. Ya je ya faɗa wa mahaifiyarsa, Inna, cewa ta daina zargina a zuci, ashe shi ne babu komai a jikinsa. Wata rana bayan sallar magariba ya kira ni ya ce yana so ya sawwaƙe mini, in yi idda in auri mai lafiya tun ƙwaina bai ƙare ba. Ya ce Likita ya ce nawa masu kyau ne, zalunci ne ya riƙe ni. Na ce idan ya sake ni, a ƙofar gidan zan shimfiɗa tabarma in zauna. Ya yi dariya, sannan ya yi kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko da ake huda masa ƙashi a asibiti.

Ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ya rasu wata Juma'a da hantsi, kansa a cinyata. Ya tafi kabari yana ganin shi ne ya hana ni haihuwa.

Na biyar, yadda na san gaskiya.

Na gama takaba da 'yan watanni, wata Asabar aka yi sallama, sai ga Madam Ngozi da goyon jariri. Ta ce a kasuwa ta ji labarin rasuwar, ta zo gaisuwa. Da ta kwance yaron ta miƙo mini sai ta fashe da kuka, na rasa dalili. Ta ce: "Malama, ba mijinki ba ne. Ba ni ba ce. Ruwan ne."

Ga abin da ta ba ni labari. A makon nan namu, ita ma ka ce mata babu abin dasawa. Ita kuwa ce mata ka yi ƙwanta ya tsufa, a gaban mijinta da yayarsa, ka ce gara su haƙura da ita. Dangin mijin suka sa ta a gaba har ta kusa barin gidan. Mijinta ne ya dage suka tafi Legas wani asibiti. Can da aka buɗe ƙofar ɗakin gwaji, wa za ta gani sai Mista Felix. Ashe ya bar aikinka bayan makon nan. Da ya gane ta ya kasa haɗa ido da ita. Daga baya ya kira ta da mijinta gefe ya faɗa musu abin da ya faru. Da ƙwan nan da ka ce ya tsufa aka yi mata dashe, ga shi nan yana tsotsar yatsa a cinyata.

Ban tsaya a kan maganarta ba. Na karɓi wayarta na kira Mista Felix da kaina, na gaya masa ko ni wace ce. Ya yi mini bayani.

Ya ce ruwan renon da kuke da shi ya ƙare, kuka yi odar sabo, ya makara. Da ya iso Legas, maimakon a sako shi a jirgi cikin sanyi kamar kullum, ka ce a sa shi cikin kula da ƙanƙara a ba motar safa. Motar ta lalace a hanya. Da ta iso tashar Sabon Gari ba wanda ya je ɗauka, kular ta kwana a ɗakin kaya, ta wuni a ƙarƙashin rufin kwano cikin zafin bazara. Da aka buɗe, ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi, launin kwalaben ya yi duhu ya karkata zuwa shunayya. Ya ce ya kawo maka har ofis ya ɗaga maka a haske.

Na san abin da za ka ce, shi ma ya faɗa: an riga an yi wa mata allura, ƙwai ya nuna, ba ya jira. Gaskiya ne. Amma ya ce ya kawo maka mafita. Ya ce ka faɗa mana gaskiya mu zaɓa. Ya ce akwai wani abokin aikinka a Abuja mai ruwa lafiyayye, mota ɗaya ta ishe mu mu biyar. Ka ce: "Idan na tura su Abuja yau, gobe wa zai zo nan?"

Da ya wanke irin Alhaji na farko a ruwan nan, ya ce da aka narkar da shi yana motsi lafiya lau, bai jima a ciki ba ya lafa. Ya ce maka wannan kaɗai ya isa shaida cewa ruwan ne, a bar sauran biyun a ƙanƙara. Ka ce ya narkar da na biyu. Ya lafa. Ka ce ya narkar da na uku. Ya ce maka mutumin nan ba zai iya kawo wani ba. Ka ce ai shi ya sa ba wanda zai yi mamaki.

Mu biyar, ba wadda ta kai ga dashe. Kowace ka nemo mata laifi a jikinta ko a jikin mijinta. Na bi diddigin sauran ukun. Ɗaya aurenta ya mutu a kan maganarka, tana gidan iyayenta. Ɗaya ta ƙi yarda in shiga, ta ce ta rufe wannan babi. Ɗayar mijinta har yau yana shan sassaƙe-sassaƙen da ba ya bukata.

Zan yi maka adalci, domin ni 'yar alƙali ce. Ban ce da ruwan na da kyau tabbas da na haihu ba. Na san dashen ƙwai ba ya kama wa kowa, ko a ƙasar da aka ƙirƙiro shi. Haihuwa ta Allah ce. Lalacewar mota ma ba kai ka sa ba. Abin da nake tuhumarka da shi uku ne: ka ga ruwan ya lalace ka yi amfani da shi, ka ƙarar da abin da ka san ba a iya mayarwa, sannan ka ɗauki laifinka ka ɗora wa mutumin da ba ya iya hawa matakala sai an riƙe shi.

Na shida, amsar da ka ba ni.

Na zo ofishinka ni kaɗai, ban zo da lauya ba, ban zo da hayaniya ba. Na bi layi kamar kowa. Da na shiga na same ka cikin babbar riga ruwan toka, za ka tafi taron jam'iyya. Ni matar mai shadda ce, ina gane kayan shagonmu ko daga tsallaken titi. Shaddar nan ce a jikinka, an yi mata aikin hannu har gwiwa.

Na faɗa maka duk abin da na rubuta a sama. Na yi zaton za ka ƙaryata, har na shirya yadda zan amsa. Ba ka ƙaryata ba. Ka jingina da kujera ka ce:

"Malama, mu yi magana irin ta masu ilimi. Mijinki tafiya zai yi, da ruwa ko babu ruwa. Da abin ya kama, da yanzu maraya kike goyo. Ni a ganina sauƙi Allah ya kawo miki."

Ka ci gaba ka ce an zubar da ruwan tuntuni, Felix yaro ne mai ɗacin rai, mai irin kuma yana ƙasa, to da me zan tabbatar? Da na miƙe zan fita ka kira ni ka ce: "Ke fa da sauranki. Idan kin sake aure ki zo, zan yi miki ragi."

Shekarata arba'in da ɗaya, Likita. Al'adata ta fara tsallake wata. Kai likita ne, ka san abin da hakan ke nufi, ka kuma sani a lokacin da kake faɗa. Marayan da ka ce ka cece ni daga goyonsa, da zan same shi da na goya shi har ƙashin bayana ya karye. Da yanzu akwai wani a duniya mai dogon wuya irin na ubansa.

Saboda haka ga bukatuna.

Ina so ka je gidan rediyon da kake tallar asibitinka, a shirin da kake yi wa mata bayani da murya mai taushi, ka faɗi cewa ruwan renon makon nan ya lalace, kuma babu laifi a jikin ko ɗaya daga cikinmu. Ba sai ka kira sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa za su gane, wataƙila a mayar da auren da ya mutu.

Ina so ka je Fagge gidan Inna ka tsuguna a gabanta. Ta haura tamanin, ido ya tafi, amma kunne na nan. Ni na faɗa mata, ta ce in daina, wai soyayya ce ke sa ni kare shi, ai Likita ya fi ni sani. Daga bakinka ƙaryar ta fito, daga bakinka kawai za ta karɓi gaskiya.

Ina roƙon hukumar da ke sa ido kan asibitocin kuɗi ta riƙa shiga irin waɗannan ɗakuna ba tare da sanarwa ba, ta buɗe firji, ta tambayi ta wace hanya ruwa ya iso gari. A kuma hana a narkar da ajiyar mutum ta ƙarshe sai an tambaye shi ya yarda.

Ku kuma 'yan uwana mata da za ku je neman haihuwa, ba na ce kada ku je ba. Ɗan Madam Ngozi ta wannan hanya ya zo. Amma ku tambaya. Ku ce a nuna muku ruwan da za a reni ɗanku a ciki, ku tambayi yaushe ya zo, yaya ya zo. Idan aka ce muku laifin jikinku ne, ku tambayi yadda aka yi da sauran matan makon. Kada kunya ta rufe muku baki kamar yadda ta rufe mana.

Ba na neman ka biya ni komai. Babu abin da ke hannunka da nake so.

Daga ƙarshe, al'ada ce a rufe wasiƙa da addu'a, ni kuwa tawa ba zaɓina ba ce, wasiyya ce. Ana saura 'yan kwanaki Alhaji ya rasu yana lissafa mini mutanen da suka yi masa alheri, ya ce in riƙa tunawa da su bayan kowace salla. Kana cikinsu. Ya ce: "Likitan nan ya yi iya ƙoƙarinsa, ni ne ban yi ba. Ki riƙa cewa, Allah ya saka masa da irin abin da ya yi mana."

Ban taɓa saɓa wa mijina ba yana raye, ba kuma zan fara bayan ransa ba. Tun ranar nake yi maka addu'ar nan, asuba da azahar da la'asar da magariba da lisha. A da ina yin ta yadda ya nufa. Yanzu ma ban ƙara mata harafi ba, ban rage ba. Allah ya ja da ranka, Likita, ya ba ka tsawon kwana. Allah ya saka maka da irin abin da ka yi mana. Amin.

Wassalam.

Malama Sa'adatu,
Rijiyar Lemo, Fagge, Kano.